Sitiyarin gem mai turjiya: wanne ya dace da shagon PS a Gombe?

Ɗan_Tumfure:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar sitiyarin gem. Ina da ɗan shagon PS, wato PlayStation, a nan Tumfure cikin Gombe, PS4 guda uku da PS5 ɗaya, kuma kun san yadda shagunanmu suke, daga safe har dare ƙwallo ce kawai yara ke bugawa, ni kuma tun ina ƙarami mota ce a raina. Bayan babbar sallah na sayi wani sitiyari a hannun wani mai kawo kaya, kwalin ya yi kyau, da fedal ɗinsa da giyarsa, ya ce min yana da fos fidbak, wato wai za ka ji hanya a hannunka kamar motar gaske. Na kawo na haɗa, wallahi abin da yake yi kawai kakkarwa kamar waya in kira ya shigo, juyawarsa ko zagaye ɗaya ba ta kaiwa, in ka sake shi kuma sai ya dawo tsakiya kamar an ɗaure da roba. Sati biyu yara suka yi ɗokinsa suka koma hannun gem, don da hannun sun fi gudu.

To watan jiya na je Jos wajen wani abokina mai Logitech G29, ya sa min gem ɗin tseren mota Gran Turismo 7. Kwanar farko da na shiga da gudu sitiyarin ya yi nauyi a hannuna, can sai na ji ya saki ya zama sakayau, kafin in ankara motar ta wuce kwanar ta shiga tsakuwa, kuma tsakuwar ma na ji ta a tafin hannuna. Tun ranar abin bai bar raina ba.

Abin da nake so in sani, meye ainihin bambancin nawa da nasa? Sannan in sayi G29 ɗin ne, ko Thrustmaster da nake gani ana yabo, ko in ƙara haƙuri in tara kuɗin wanda ake ce wa dairek diraif? Ku tuna fa shago ne, hannu da yawa zai taɓa shi, ga ƙurar hunturu ga wutarmu da ba ta zama. Nagode.

Mai_Gyara_Wunti:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ni gyaran PS da talabijin nake yi a nan Bauchi kusa da kasuwar Wunti, kuma na buɗe cikin sitiyarin nan ba ɗaya ba ba biyu ba, bari in faɗa maka abin da ke ciki.

Wanda ka saya ba shi da injin da ke juya sitiyari ko kaɗan. Roba ce ko sifirin ke mayar da shi tsakiya, sai ɗan ƙaramin moto mai guntun ƙarfe a gefe guda, irin wanda ke cikin hannun gem, shi ke kawo kakkarwar. Ko kana kan kwalta ko kana kan laka ko motar tana tsaye cak, jan robar nan iri ɗaya ne, ba ruwanta da abin da ke faruwa a gem. Na abokinka kuwa moto biyu ne a ciki masu ƙarfi, an haɗa su da sandar sitiyarin ta haƙoran giya. Gem ɗin yana lissafin ƙarfin da tayoyin gaba suke sha daga hanya, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, sai ya aika wa moton ya ja hannunka dama ko hagu daidai wannan ƙarfin. Nauyin da ka ji a farkon kwana, taya ce ta kama kwalta. Sakin da ka ji kuma tayar gaba ce ta fara zamewa, wato gudunka ya yi wa kwanar yawa, da ka saba da abin a nan za ka ɗan ɗaga ƙafa daga totur kafin ido ma ya gani. Wannan shi ne fos fidbak na gaske, shi ya sa ni nake ce masa turjiya, sitiyarin yana maka gardama kuma gardamar labari ce yake ba ka.

Hanya mafi sauƙi ta gane na gaske tun a wajen mai sayarwa: ka ce a jona shi a wuta a haɗa da PS. Mai turjiya zai juya da kansa har ƙarshen dama da ƙarshen hagu ya dawo tsakiya, ba wanda ya taɓa shi. Wanda bai yi haka ba, ko wanda ma ba shi da adaftar wuta sai wayar USB kaɗai, ka bar musu kayansu. Ka kuma duba digirin juyawa. Masu araha 180 ne ko 270, G29 kuwa 900, wato zagaye biyu da rabi kamar ƙaramar mota. Amma kar 900 ɗin kaɗai ya ruɗe ka, akwai masu rubuta 900 a kwali kuma kakkarwa ce zalla a ciki.

Masu turjiyar kansu kala uku ne. Akwai mai haƙora irin G29 da G920 da G923, yana da ɗan ƙara, kaf-kaf-kaf in ka hau gargada, kuma a daidai tsakiya akwai ɗan wurin da ba ka jin komai saboda ratar da ke tsakanin haƙora, ƙarfinsa Nm 2 da ɗan ɗoriya ne, Nm kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawar moto. Akwai mai bel irin Thrustmaster T300 RS, ya fi laushi ya fi shiru, ƙarfinsa ya kusa Nm 4, yana juya digiri 1080, amma fanka ce a cikinsa ke sanyaya moton, in ya ɗau zafi yana rage ƙarfi don ya kare kansa, sai ka tuna zafin Gombe a watan uku da na huɗu cikin shago mai rufin kwano. T150 kuma ya haɗa bel da haƙora, sai dai fedal ɗin da yake zuwa da shi na roba ne guda biyu, ban ga zai jure ƙafar yara ba. Na ukun shi ne dairek diraif ɗin da ka ambata, mai haɗin kai tsaye, sitiyarin a kan sandar moton yake zaune, ba bel ba haƙora.

In shago ne kam G29 zan ce maka. Tun 2015 yake kasuwa, don haka na hannu suna da yawa kuma in wani abu ya lalace ana samun wanda za a ciro a jikinsa, fedal uku na ƙarfe, yana yi a PS4 da PS5 da kwamfuta. Ka kiyaye abu biyu: G920 kamarsu ɗaya amma na Xbox ne, ba zai yi maka a PS ba, G923 ma kala biyu ne sai ka karanta kwalin. Tsohon G27 kuma in an tallata maka da araha, na zamanin PS3 ne, PS4 ba ta karɓarsa kai tsaye.

Injiniya_Gwallameji:

Oga Mai Gyara ka yi bayani, Allah ya ƙara basira, amma ni gaskiya ban yarda mutum ya zuba kuɗinsa a G29 a wannan zamanin ba. Fasahar ta tsufa, asalinta tun G25 na 2006 ne, gyare-gyare kawai aka yi ta yi. Ni ɗalibi ne a nan Yelwa, na yi kusan shekara biyu ina tarawa kafin na samu Moza R5, Nm 5.5, haɗin kai tsaye, kuma ranar da na fara sa shi a gem ɗin Assetto Corsa Competizione a filin Kyalami na Afirka ta Kudu na gane cewa da can rabin labarin nake ji. Ba wai ƙarfin ba ne kawai, saurin ne, bayan mota na fara juyewa sitiyarin ya riga ya fara warware kansa, kai dai ka bar shi ya bi ta cikin hannunka ka kama a inda ya dace. Tun da Fanatec suka fito da CSL DD a 2021 mai Nm 5, da ake iya ɗagawa zuwa 8 da babbar adafta, farashin irin waɗannan ya sauko sosai ba kamar da ba da sai masu hali. Ɗan Tumfure in za ka iya haƙuri ka yi, saya sau ɗaya ya fi saya sau biyu, ka riga ka yi ɗaya.

Sannan wani abu da mutane ba sa kula, birki ya fi sitiyari rage maka lokaci. Fedal na yau da kullum nisan da ka taka yake aunawa, amma akwai mai auna nauyin ƙafa, lod sel, irin T-LCM na Thrustmaster, ƙafa ta fi riƙe ƙarfin da ta danna a kan nisan da ta tafi, shi ya sa kowane zagaye birkinka zai zo iri ɗaya.

Mai_Gyara_Wunti:

Injiniya duk abin da ka faɗa a kan daɗinsa haka ne, ban musa ba. Amma ka manta PS ce da shi, R5 ɗinka na kwamfuta ne, PS ba ta san shi ba. In haɗin kai tsaye yake so a PS sai ya nemi irin GT DD Pro na Fanatec ko G Pro na Logitech mai Nm 11, ka kuwa san da dalar yanzu kuɗinsu zai buɗe wani shagon. Kuma kai kaɗai kake amfani da naka a ɗaki, ka san inda za ka sa yatsa. Shi yaro ɗan shekara goma zai zo ya zura babban yatsa cikin sitiyari ya je ya daki bango a guje, moto mai ƙarfi ya fizge, wa zai je ya yi wa uban yaron bayani? In allon lantarkin da ke cikinsa ya ƙone kuma daga Wunti har Muda Lawal ba inda zan samo masa.

Kawu_Direba:

Salamu alaikum yarana. Ɗana ne ya nuna min wannan zance ya ce in sa baki tunda tuƙi ne sana'ata. Na fara da Fijo 504 doguwa, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a da, ina lodin Gombe zuwa Bauchi ta Alkaleri, daga baya na koma babbar mota. Tawa 504 ɗin ba ta da fawa sitiyarin, don haka komai hanya ta yi sai ka ji a damtsenka. In taya ɗaya ta rage iska za ka ji tana ja gefe tun kafin ka tsaya ka duba. In aka yi ruwan farko kwalta ta yi santsi, sitiyari sai ya yi maka sauƙi fiye da kima, direban da ya san aiki a nan yake rage wuta, ba sai ya ga mota ta fara rawa ba. In ka fito daga kwana kuma ba kai kake mayar da sitiyari ba, shi yake dawowa da kansa saboda yadda aka karkata ƙafar gaba, kai dai sassauta hannu za ka yi. Duk yaron motar da na koya wa tuƙi wannan nake fara nuna masa.

Da yaron nan ya kawo nasa gida ya haɗa da kwamfuta, na ɗauka abin wasan yara ne. Ya sa min wani na manyan motoci, Euro Truck Simulator 2, ya ce Baba gwada. Abin da ya ba ni mamaki ribas da tirela, yadda za ka juya hagu bodin ya tafi dama, in ka cika juyawa ta naɗe maka, haka yake babu ragi. Ya sa min na tsere a kan burji kuma na ji sitiyarin yana dawowa da kansa bayan kwana kamar yadda na faɗa, sai na ce masa lallai waɗanda suka yi wannan sun zauna da direbobi.

Amma akwai abin da babu. Mu a mota rabin labari ta mazauni yake zuwa, kujera ce take gaya maka baya ya fara zamewa ko lodi ya karkata, a gem kuwa kujerarka ba ta motsi, komai sai ta hannu da ido. To ɗana mai shago, in za ka saya ka sayi wanda yake magana da hannu ɗin, in ba haka ba me ya rage. Kuma dan Allah ka riƙa gaya wa samarin da ke zuwa wajenka, wanda ya iya wannan bai iya titi ba tukuna. A ciki babu ɗan acaɓa da zai faɗo maka ba sigina, babu shanu suna tsallakawa da magariba a hanyar Dukku, kuma in ka yi karo danna maɓalli za ka yi ka sake. Na ga abin da gudu ya yi wa mutane a hanya da idona, shi ya sa nake faɗa.

Ɗan_Tumfure:

Kawu Allah ya ƙara girma da lafiya, in sha Allahu zan riƙa faɗa musu. Yaya Mai Gyara na gamsu, G29 ɗin zan nema, akwai landan yus da aka turo min hotonsa daga Kano amma babu giyar hannu a ciki, ko an cire ne? Injiniya kai ma nagode, in Allah ya buɗa na kaina na gida irin naka zan yi. Saura maganar wuta da ƙura, da kuma tebur, don na roba ne da ni a shagon.

Maman_Gem_Jekadafari:

Ƙanina teburin roba kam kar ma ka fara. Ni da maigidana muke riƙe da shago a Jekadafari, mun sa sitiyari tun bara, kuma darasin farko da muka koya shi ne duk turjiyar da moton ke bayarwa in tebur yana rawa to a tebur take ƙarewa, hannu ba ya samun komai. Wajen mai walda muka je da sitiyarin da fedal ɗin ya auna, ya yi mana firam da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, muka sayo tsohuwar kujerar mota a wajen masu kayan gwangwan, da layin dogonta na matsawa gaba da baya don yaro da babba kowa ya kai ƙafa. A ƙarƙashin G29 da fedal ɗinsa akwai ramukan noti, ka ɗaure da su, kar ka dogara da maƙallan roban nan kaɗai, yara suna jan sitiyari kamar za su tumɓuke shi. Wayoyin kuma ka bi da su ta jikin ƙarfen ka ɗaure, don waya a ƙasa ita ce ta farko da ake takawa.

Giyar hannu ba cirewa aka yi ba, dama daban ake sayar da ita, G27 ne yake zuwa da tasa. Ni shawarata ka bar ta tukuna, akwai faranti biyu a bayan sitiyari na canza giya, sun isa, yawancin yara ma otomatik suke sawa.

Wani abu kuma da ba wanda ya taɓo, Gran Turismo 7 yawancinsa sai da intanet, in babu data ɗan kaɗan ne yake buɗewa. Mu a PS4 Gran Turismo Sport muke sawa, tun da aka rufe sabarsa a farkon 2024 sabuntawar ƙarshe ta sa yana ajiye ci gaba ba tare da intanet ba, sai Assetto Corsa na farko shi ma yana yi. Kuma kar ka yi kuɗi da zagaye, ka yi da minti, don sabon shiga zai iya cinye rabin awa yana karo da bango layi yana jira. Mu allo muka kafa muna rubuta lokacin wanda ya fi kowa sauri a fili ɗaya da mota ɗaya duk sati, wannan allon shi ya riƙe mana su, har manya masu aiki suna biyowa bayan la'asar su gwada ko za su goge sunan wani.

Mai_Gyara_Wunti:

Hajiya ta gama maganar tebur. Wuta kuma, adaftar G29 bolt 24 take fitarwa, ba irin ta laftof ba ce da za ka ɗauko kowacce ka soka, in landan yus ne ka tabbata tasa ta asali tana ciki. Kowane iri za ka saya ka karanta jikin adaftar ko ƙarƙashin injin, in ka ga 100 zuwa 240 lafiya, in 110 ko 120 kaɗai aka rubuta na Amurka ne, wutarmu za ta ƙona shi nan take. Ka sa shi bayan sitabilaiza tare da PS ɗin, in za a canza daga wutar gari zuwa janareto ka zare shi tukuna. Duk sanda wuta ta dawo zai yi juyawar nan tasa ta neman tsakiya, ka hana yara riƙe shi a lokacin, in aka riƙe sai tsakiyar ta karkace sai an sake zarewa.

Ƙura ba sitiyarin ta fi damu ba, don shi da maganaɗisu yake gane juyawa. Fedal ne abin ji. A cikin kowanne akwai abu irin bolum ɗin rediyo, ka san yadda tsohon bolum yake ƙarar yashi in ƙura ta shiga, to haka totur zai fara rawa shi kaɗai ko ka taka har ƙasa gem ya nuna bai cika ba. Ga shi a ƙasa yake inda takalma ke zubar da yashi. Ka sa dokar cire takalmi, ka ɗinka masa riga wajen tela a rufe in an tashi, in ya fara kuma ba lalacewa ya yi ba, a buɗe a fesa abin wanke bolum a motsa shi sau da yawa zai dawo.

Sai saiti, wannan shi ne inda kusan kowa yake kuskure. Mutum ya sayi mai turjiya sai ya je ya ƙure ƙarfin don ya ji kuɗinsa. To moton yana da iyaka, in gem ya nemi abin da ya fi ƙarfinsa sai ya tsaya a ƙarshen iyakar, ƙaramin kwana da babba duk nauyi ɗaya, sakin nan da ka ji a Jos ba za ka ƙara jinsa ba, kamar lasifikar da aka ƙure wa murya ce, ƙara kawai ba a gane magana. A Gran Turismo wuri biyu ne, na ƙarfi da na saurin ji, kowanne daga 1 zuwa 10. Na ƙarfin ka fara daga 4 ko 5, ka ɗauki mota mara gudu sosai ka shiga dogon kwana kana ƙara wuta a hankali har ka ji inda sitiyari ya saki. In ba ka ji ba ka rage ɗaya ka sake. Haƙoran ma sun fi daɗewa a haka.

Kafin ka tura kuɗi Kano ka ce ya ɗauko maka bidiyo ba yankewa: ya jona wuta ka ga ya juya da kansa, ya taka fedal ukun ɗaya bayan ɗaya a shafin gwaji ka ga layin yana hawa sumul ba tsalle, ya danna farantan giya biyun. Akwai ɗan makunni a samansa mai PS3 da PS4, a kan PS4 za ka bar shi ko a PS5 ɗin ne.

Ɗan_Tumfure:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ya turo bidiyon yanzu, ya juya da kansa, totur da kuloci sumul, birkin ne na ga yana da tauri daga rabi, sai ya danna da ƙarfi yake cika. Yaya wannan matsala ce ko haka suke?

Mai_Gyara_Wunti:

Haka suke, wata guntuwar roba ce aka sa cikin sifirin ɗin birki don ya yi kama da na mota, da amfani tana ɗan laushi. In ka ɗaure fedal ɗin a firam ba zai dame ka ba. Ka ce ya nuna maka rubutun jikin adaftar kuma, sannan in direba zai kawo maka a sa shi cikin kwali a gaba, kar a ɗora masa buhu a but.